Teku Ma Yana da Sarkin Ruwa: Dokokin Kamun Kifin Nishaɗi da Iyakar Rabon Baƙo

A ƙarshen Fabrairun 2024 ƙanena, wanda ke aikin jinya a wani gari na kudancin Ingila, ya turo ɗan bidiyo a zauren WhatsApp na gidanmu. Yana tsaye a kan duwatsun bakin teku cikin rigar sanyi, riƙe da wani kifi fari mai sheƙi wanda tsawonsa ya haura kamu ɗaya. Ya cire masa ƙugiya a hankali, ya durƙusa, ya mayar da shi ruwa. Na nuna wa mahaifiyarmu a tsakar gida a nan Daura, ta sa aka maimaita mata sau biyu, sannan ta ce in kira mata shi. Ta ce, "Auta, lafiyarka kuwa? Allah ya kawo maka rabonka har hannu, ka mayar?" Ya ce, "Inna, da na taho da shi gida da na karya doka. Wannan watan da mai kamawa ba a ɗaukarsa, sai Afrilu." Ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda aka yi wa teku kalanda ba.

An yi dariya aka tashi, amma maganar Inna ita ce maganar da akasarinmu za mu yi. Mu mutanen tudu ne, tsakaninmu da gaɓar teku akwai tafiyar mota ta fiye da kilomita dubu, kuma abin da ke ranmu shi ne teku ruwa ne marar iyaka, abin da ke cikinsa ba ya ƙarewa balle a tsaya ƙidayarsa. Sai dai zamani ya kai 'ya'yanmu da ƙannenmu garuruwan bakin teku, wasu karatu, wasu aiki, wasu fatauci ko hutu, kuma a irin waɗannan garuruwa abokin aiki kan gayyaci mutum fita fatsa ranar hutu kamar yadda ake gayyata kallon ƙwallo. Wanda ya amsa gayyatar ido rufe yana iya komawa masauki da tara, ko ma da sammaci, a kan kifin da kuɗinsa bai kai na tasin da ta kai shi bakin ruwan ba.

Tushen waɗannan dokoki ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa zama da masunta a madatsar ruwan Sabke ko Daberam, ko ya leƙa Zobe ko Jibiya, ya san baƙon masunci ba ya sauka daga mota ya kwance birginsa ya watsa. Sai ya nemi Sarkin Ruwa ya gaishe shi, ya faɗi inda ya fito, a gaya masa abin da aka yarda da shi da abin da aka hana, kamar kalli mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan karfasa tun ba su kai ko'ina ba, ko zuba guba a ruwa. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, bikin da hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, gurbin Matan Fada a rufe yake har ranar da aka ba da izini, kuma da homa da gora ake shiga. Ke nan neman izini da rufe ruwa na wani lokaci da taƙaita kayan aiki duk mun san su tun kaka da kakanni. Inda aka sha bamban shi ne a can Sarkin Ruwan rubutacciyar doka ce wadda ake sabuntawa kusan kowace shekara. A nan idan baƙo ya yi kuskure dattawa kan sa baki a yi masa uzuri, a ce baƙo makahon gari ne. A can kuwa rashin sanin doka ba hujja ba ne, wasu ƙa'idojin ma saboda baƙon aka tsananta su.

Tambayar farko ita ce ruwan na wane ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku, wadda aka sa wa hannu a 1982, ta ba kowace ƙasa mai gaɓa mil 12 a matsayin yankinta, sannan ta ba ta ikon mallakar arzikin da ke cikin ruwa, har da kifi, zuwa mil 200. Mil ɗin teku ya ɗara na tudu, domin mita 1,852 ne, saboda haka mil 200 kimanin kilomita 370 ke nan. Ƙaramin jirgin da ke ɗaukar masu fatsa da asuba ya dawo da su da yamma da wuya ya tsallake wannan iyaka, ma'ana kusan duk kifin da ɗan yawon buɗe ido zai taɓa kamawa yana ƙarƙashin dokar wata gwamnati. Najeriya ma tana da nata dokokin kamun kifin teku na 1992, waɗanda suka hana manyan jiragen da ke jan taru yin aiki a cikin mil biyar na farko, domin a bar wa masu kwalekwale wurin neman abinci.

A Amurka lamarin ya ƙara sarƙewa, domin ruwan kansa an raba shi tsakanin jiha da tarayya. A yawancin jihohi mil uku na farko na jiha ne, daga nan zuwa mil 200 na gwamnatin tarayya. Jihar Fulorida, wadda masu wannan sha'awa ke tururuwa zuwa cikinta, tana da gaɓa biyu masu iyaka daban-daban: ta gabas, wajen Tekun Atilantika, mil uku ce, ta yamma kuwa, wajen mashigin tekun Meziko, mil tara. Babu turke babu shinge a kan ruwa, sai ɗan allon na'urar nuna wuri da ke gaban matuƙi, kuma jirgi na iya tashi daga inda aka halatta ɗaukar wani kifi, cikin minti goma ya tsinci kansa inda aka haramta shi a wannan ranar.

Batun lasisi shi ne inda baƙo ya fi ruɗewa, saboda kowace ƙasa da nata tsarin. A Ingila ba a neman lasisi ga mai jefa fatsa a teku, in ban da nau'in kifin da ke hawa koguna kamar salmon, shi ya sa ƙanena bai biya ko kwabo ba, amma hakan bai ɗauke masa dokar wata da ta tsawo da ta adadi ba. A Fulorida wanda ba mazaunin jihar ba dole ya yanki lasisi, na kwana uku ko na kwana bakwai ko na shekara, ko da a kan tudu yake tsaye, ko da niyyarsa ya saki duk abin da ya kama, domin jefa ƙugiyar kanta ake wa lasisi. Mazauna jihar suna da lasisin kyauta na tsayawa a bakin gaɓa, baƙo ba shi da wannan gatan, sai yaron da bai kai shekara 16 ba shi ne aka ɗauke wa. Idan kuwa mutum ya ɗauki shatar jirgi mai lasisin ɗaukar masu fatsa, lasisin jirgin ya rufe fasinjojinsa, kuma wannan ce hanya mafi sauƙi ga wanda ya zo kwana biyu. A Meziko abin ya juya: mai tsayuwa a bakin gaɓa ba ya buƙatar takarda, amma jirgin da ke ɗauke da kayan fatsa sai kowa a cikinsa ya mallaki tasa, har da matar da ta bi mijinta shan iska da yaron da ke barci a kan cinyarta. A Afirka ta Kudu, ƙarƙashin dokar 1998 ta albarkatun teku, an daɗe ana yankar takardar izinin a gidan waya.

Mutum zai iya ɗauka cewa neman kuɗi ne kawai, kuma lalle kuɗin na shiga aikin sintiri da bincike. Amma babban amfanin lasisi ƙidaya ce. Manyan jiragen kasuwanci kaɗan ne, tashoshinsu sanannu ne, ana auna abin da suka sauke a kan sikeli. Masu fatsa kuwa miliyoyi ne, kowa ya fita lokacin da ya ga dama ya dawo da kifi biyu ko uku a cikin kula, babu mai gani. Idan aka tara waɗannan bibbiyu da uku-uku sai a tarar a wasu nau'o'in kifi sun kai ko sun zarce abin da 'yan kasuwa suka kama. Jerin sunayen masu lasisi shi ne ke ba hukuma damar tuntuɓar wasu daga cikinsu ta tambaye su sau nawa suka fita, sannan ma'aikata su tsaya a tashoshi su duba kuloli, daga nan a yi kintacen jimillar abin da aka cire daga ruwa.

Abin da ya koya wa hukumomi tsoron wasa da wannan lissafi shi ne abin da ya faru a gabashin Kanada. Ruwan da ke kewaye da tsibirin Newfoundland ya shafe ƙarnoni yana ciyar da Turai da kifin kod, har aka ɗauka ba zai taɓa ƙarewa ba, irin ɗaukar da Inna ta yi wa teku. A watan Yulin 1992 gwamnatin Kanada ta rufe kamun, saboda kifin ya kusa ɓacewa, kuma mutane kimanin dubu 30 suka rasa sana'arsu a lokaci guda. An yi tsammanin rufewar ta shekara biyu ce, sai ga shi an haura shekara talatin kafin a sake buɗe kamun kasuwanci na wannan garken kifi a 2024. A Amurka, dokar kifi ta 1976, wadda daga baya aka laƙaba wa sunan sanatoci biyu, Magnuson da Stevens, ta kafa majalisu takwas na shiyyoyi, kuma gyaran da majalisar dokoki ta yi mata a 2006 ya wajabta ƙayyade adadin da za a iya cirewa daga kowane garken kifi a shekara, bisa shawarar masana. Daga wannan babban adadi ake yanka kason 'yan kasuwa da kason masu nishaɗi, sannan a tambaya: idan mutane kaza za su fita, kifi nawa za a bar wa kowa a yini, kuma kwana nawa za a buɗe, kafin kason ya ƙare? Lambar da baƙo ke gani a jikin allo a tashar jirage ita ce wutsiyar wannan dogon lissafi.

Labarin jan kifin mashigin tekun Meziko, wanda ake kira sinafa, ya isa misali, kuma yana da wani juyi da ke ɗaure kai. Kifi ne mai daɗin nama da ke zama kusa da duwatsun ƙarƙashin ruwa, yana iya rayuwa fiye da shekara 50, kuma an yi masa kamun wuce kima har ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙarshen shekarun 1980. An raba kasonsa kashi 51 cikin ɗari ga 'yan kasuwa, kashi 49 ga masu nishaɗi, rabon mai fatsa a ruwan tarayya kuma aka mayar da shi guda biyu a yini, kowanne kada ya gaza inci 16, wato kimanin santimita 41. Da matakan suka fara aiki kifin ya yawaita ya kuma girma, sai kowa ya zaci za a ƙara kwanakin kamu. Akasin haka aka gani. Dalili shi ne da nauyi ake lissafa kaso, ba da ƙidayar kawuna ba, don haka biyun da mutum ya ɗauka bana sun fi biyun da ya ɗauka shekaru goma baya nauyi nesa ba kusa ba, ga shi kuma kamun ya yi sauƙi, ga jihohi suna tsawaita kwanaki a nasu ruwan, duk kuma daga kaso ɗaya ake cirewa. A 2014 kwana tara kacal aka buɗe ruwan tarayya, a 2017 aka sanar da kwana uku ga masu jiragen kansu, har sai da ƙorafi ya yi yawa aka ƙara. Daga 2020 aka miƙa wa jihohin gaɓar su biyar, Fulorida da Alabama da Misisipi da Luwiziyana da Teksas, ikon tsara wa masu jiragen kansu lokacin kamu, kowace da nata ranakun. Mutumin da ke kallon ruwa cike da kifi ana ce masa a rufe yake yana da hujjar jin haushi, ni ma da ni ne zan ji, amma lissafin ba na son rai ba ne.

Kifin da ƙanena ya mayar, wanda ake kira bas, shi ma dokarsa ba ta zauna wuri ɗaya ba. A 2015 aka ɗaga mafi ƙarancin tsawonsa daga santimita 36 zuwa 42 aka kuma ƙayyade uku a yini, a 2018 aka shiga shekara da haramcin ɗaukar ko guda, a 2024 kuwa biyu ne a yini, ban da Fabrairu da Maris, lokacin da kifin ke taruwa don zubar da ƙwai. Saboda haka abin da aboki ya gaya wa mutum bara ba abin dogaro ba ne bana. Shafin hukumar kifi ta wurin, a ranar da za a fita, shi ne madogara.

Dokar mafi ƙarancin tsawo ba ta da wuyar fahimta: a bar kifi ya balaga ya hayayyafa aƙalla sau ɗaya kafin a ci shi. Wadda ke ba baƙo mamaki ita ce dokar da ke hana ɗaukar babba. A Fulorida akwai wani kifin bakin gaɓa da ake kira sinuk, wanda ba a ɗauka sai tsawonsa ya faɗa tsakanin inci 28 da 32 a gaɓar gabas, ko 28 da 33 a ta yamma, guda ɗaya a yini, kuma da wata takarda ta musamman a kan lasisi. Wanda ya gaza a mayar, wanda ya zarce ma a mayar. Hikimar ita ce wannan kifi yakan fara rayuwa a matsayin namiji, da yawa daga cikinsu su rikiɗe su koma mata idan sun girma, don haka manyan galibi mata ne, kuma babbar uwa ɗaya tana zubar da ƙwan da ƙanana da dama ba za su zubar ba. Makiyayi bai buƙaci a yi masa bayanin wannan ba, domin ba ya kai maraƙi kara, ba ya kuma kai naggen da ke haifa masa duk shekara, bijimin tsaka-tsaki yake sayarwa. Da wani matsanancin sanyi ya kashe sinuk masu yawa a Janairun 2010, rufe ɗaukarsa aka yi a gaɓar yamma har zuwa Satumbar 2013.

Awon ma da ƙa'idarsa. Wani kifin daga baki zuwa ƙarshen wutsiya ake aunawa bayan an matse wutsiyar, wani zuwa tsakiyar tsagar wutsiya, masu dogon baki kamar mashi kuwa daga muƙamuƙin ƙasa ake farawa. Da Afrilu ta kama ƙanena ya sake fita, ya turo hoton wani bas shimfiɗe a kan tef ɗin awo, bakinsa a kan sifiri, wutsiyarsa ta tsaya a 41. Inna ta ce, "Santimita ɗaya ma ba za su yafe ba?" Ba za su yafe ba, kuma masu gogewa ko wanda ya tsaya daidai kan layi ba sa ɗauka, saboda kifi kan ɗan tsuke bayan ya jima a kan ƙanƙara, awon da jami'i zai yi a tasha kuwa shi ne awo. Wannan ne ma ya sa a wurare da dama, har da Fulorida da Meziko, ba a yarda a yanyana kifi a cikin jirgi ba, sai an sauko da shi da kansa da wutsiyarsa, domin tsoka zalla ba ta nuna nau'i ba ta nuna tsawo.

Adadin kansa hawa-hawa ne. Akwai rabon mutum a yini, akwai iyakar abin da za a samu a hannunsa gaba ɗaya, akwai kuma rabon jirgi, wanda ba ya ƙaruwa ko da fasinjoji sun ƙaru. Lissafin Meziko ya fi kowanne ban sha'awa, domin kamar maki ake ƙirgawa. Mutum yana da goma a yini, kada nau'i ɗaya ya wuce biyar. Amma manya irin su malin, kifin nan mai baki kamar mashi, da kifin shak, guda ɗaya aka yarda, kuma wannan ɗayan a matsayin biyar yake. Kifin dorado biyu aka yarda, su ma a matsayin biyar. Wanda ya yi sa'ar malin ɗaya da safe, ya ƙara da dorado biyu kafin azahar, ya cika gomarsa da kifi uku, abin da ya rage masa sai kamawa da saki. A Amurka malin mai ruwan shuɗi sai ya kai inci 99, mita biyu da rabi ke nan, kafin a hau da shi jirgi, kuma ƙasar gaba ɗaya 250 aka ƙayyade wa masu nishaɗinta a shekara daga nau'o'in malin na Atilantika, ƙarƙashin tsarin hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da tuna da danginsa, wadda ke da mazauni a Madrid. Irin wannan kifi ba ya tsayawa a ruwan ƙasa ɗaya, shi ya sa ƙasa ɗaya ba ta iya yi masa doka ita kaɗai.

Sakin kifi ba jefa shi ruwa ba ne kawai, kuma nan ne wanda bai sani ba ke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Kifin da ke zama a zurfi yana da wata jakar iska a cikinsa, kuma matsin ruwa na ƙaruwa da kimanin nauyin iskar da ke danne mu a doron ƙasa a duk mita goma. Idan aka fizgo shi daga zurfin mita talatin ko arba'in, iskar nan sai ta kumbura, idanunsa su firfito, tumbinsa ya leƙo ta baki. Aka sake shi haka, ba zai iya nutsewa ba, zai yi ta yawo a saman ruwa har tsuntsu ko shak ya ɗauke shi, kuma masana suna saka irin wannan mutuwa cikin lissafin kaso, ma'ana tana rage kwanakin kowa. Shi ya sa a Janairun 2022 doka ta wajabta wa masu neman kifin duwatsu a ruwan tarayya na mashigin tekun Meziko su riƙe kayan magance wannan a jirgi, ko allurar da ake huda gefen kifin iska ta fita, ko wani ɗan matsi mai nauyin dalma da ke kama leɓensa ya mayar da shi zurfi sannan ya sake shi. An kuma wajabta ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe idan da koton nama ake kamun, saboda ita a gefen baki take maƙalewa, ba ta bin koto zuwa ciki. Kifin tarfon, wanda mafi girmansa da aka taɓa yi wa rajista an kama shi ne a ruwan Gini Bisau a 2003 da nauyin kusan kilo 130, tun 2013 a Fulorida na kamawa da saki ne, kuma wanda ya haura inci 40 ba a ma fitar da shi daga ruwa, hoto sai dai a sunkuya a ɗauka a gefen jirgi.

Na san mai karatu na nan zai tambayi matsayin wannan a addini, kuma tambaya ce mai kyau. Farautar teku da abincinsa halal ne da nassin Alƙur'ani, amma a fiƙihun Malikiyya da muka karanta a zaure farauta don wasa kawai makaruhi ce. Ba mu kaɗai ke da wannan ƙyamar ba, domin a Jamus dokar kare dabbobi ta hana wahalar da dabba ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, har kamun kifi da niyyar saki tun farko kan iya kai mutum gaban alƙali. A ganina akwai tazara tsakanin wanda ya fita neman na miya doka ta tilasta masa mayar da wanda bai kai ba, kamar ƙanena, da wanda ya fita don ya wahalar da dabba ya ɗauki hoto. Hukuncin na biyun malamai za a tambaya.

Akwai layi ɗaya da ya kamata mu masu jinin kasuwanci mu kula da shi fiye da kowa: kifin nishaɗi ba na sayarwa ba ne. Lasisin fatsa bai halatta wa mutum ya kai abin da ya kama gidan abinci ko kasuwa ba, a Fulorida ne ko a Meziko ko a Afirka ta Kudu, domin sayarwa na buƙatar lasisin kasuwanci da kasonsa daban. Norwe, ƙasar da busasshen kifinta ke cika kasuwannin Najeriya, ita ta fi nuna yadda ake yi wa baƙo doka tasa shi kaɗai. Ba ta neman lasisi a teku, amma baƙo da sanda ko zaren hannu kawai zai yi kamu, ba raga ba tarko, ba zai sayar ba, kuma sai ya nisanci gonar kifi da mita 100. Matsalar da ta taso ita ce masu zuwa daga wasu ƙasashen Turai da motoci ɗauke da firiza, su yi mako suna cika ta da tsokar kod su tsallaka da ita gida, abin da ya zama fatauci da sunan hutu. A 2006 aka ƙayyade kilo 15 ga kowane mai fita da kifi daga ƙasar. A 2021 aka mayar da shi kilo 18, sau biyu a shekara, amma ga wanda ya yi kamun ta hannun masaukin masu fatsa mai rajista kaɗai, wanda shi kuma zai kai rahoton abin da baƙinsa suka kama. Adadin abu ne da hukuma ke sake dubawa, kuma jami'an kwastan na buɗe firizoji a kan iyaka, su ƙwace abin da ya haura su ci tara.

Hukunci ya danganta da wuri da girman laifi. A Fulorida wuce adadi ko ɗaukar wanda bai kai tsawo ba ƙaramin laifi ne na kotu, wanda a karon farko kan iya kaiwa tarar dala 500 ko ɗaurin kwana 60, kuma tsallaka iyakar jiha da kifin da aka kama ba bisa ƙa'ida ba yana jawo wata dokar tarayya, wadda asalinta ta 1900 ce. Ga ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune da biza, shiga kundin kotu a kan kifi ba ƙaramar asara ba ce. Wanda ya ɗauki shatar jirgi ya fi samun kariya, domin matuƙin ya san layin da ke raba ruwan jiha da na tarayya, yana da ma'auni manne a gefen jirgi, kuma shi ke ƙirga abin da ke shiga kula. A kamun sinafa shi da yaransa ba su da rabo ko guda a ranar da suka ɗauko fasinja, don haka babu batun a ƙara biyu a rubuta da sunansa, kamar yadda wani zai so ya roƙa. Idan ya ce a mayar, takardar izinin jirginsa yake karewa, wadda da ita yake ciyar da gidansa.